Ranar da Aka Mai da Gilmário Marigayi

Ruwan ranar ya fara tun kafin gari ya waye, irin na ƙarshen watan Mayu, wanda ba tsawa ba iska, zuba kawai. Kogin Capibaribe ya cika ya yi jajir, motocin haya suna ratsa ruwa har rabin taya, rediyo tana ta jera unguwannin da aka rufe makarantu. Na iso bakin aiki da wando a naɗe zuwa gwiwa, takalma a cikin leda. Na tarar Gilmário ya riga ni, yana tsaye a ƙarƙashin rumfar ƙofa yana hararar sama.

"Seu Lourival, ka ga abin da aka yi mini?" ya ce. "Duk kwanakin shekara a rasa ranar zuba sai yau."

Na ce masa ina jin ruwan bai san da zamansa ba. Bai yi dariya ba. Ranar ce aka tsayar za a mai da shi marigayi, kuma tafiyarsa gida wurin mahaifinsa a kanta take rataye. Amma bari in koma baya kaɗan, in ba haka ba maganar za ta yi kama da ta mahaukata.

Ni mai tsaron ƙofa ne a wani tsohon gini da ke tsibirin tsohon garin Recife. Da can sito ne na sukari, ina saurayi na sha ɗaukar buhu a cikinsa har kafaɗata ta hagu ta sauka, ba ta kuma koma ba. Yanzu an sa masa gilashi da na'urar sanyi. Hawa na uku wani kamfani ne da ke tura wa mutane finafinai da wasannin kwaikwayo da bukukuwa cikin waya da talabijin. Karatuna bai wuce na rubuta sunan baƙo ba. Abin da na sani game da aikinsu a bakin Gilmário na ji shi, yana tsaye, domin ban taɓa ganin ya yi doguwar magana a zaune ba.

Ɗan garin Arcoverde ne, can cikin ƙasa, ɗan wani baduku mai ɗinka sirdi da hular fata, Seu Deoclécio. Ya zo Recife karatu, ya yi shekaru yana kwana a falon gwaggonsa a unguwar Casa Amarela, ya shiga kamfanin tun suna 'yan tsiraru da fanka ɗaya ta aro. Dogo ne siriri, gashin gabansa ya fara guduwa tun bai kai talatin ba. Ba ya hawa lif, wai jiran ƙofar ta buɗe yana ci masa rai. A tsaye yake cin cuscuz ɗinsa, wato dambun masara, yana tafiya yake shan kofi, in kuwa dole ta sa ya zauna, ƙafarsa ta dama tana kaɗawa har cokali ya yi ƙara a kan tebur. Mutumin kirki ne. Bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba, sai dai kafin in amsa ya kai hawa na biyu.

Shi ya gina yawancin abin da kamfanin ya fara da shi. Wata rana na tambaye shi me yake kora kullum, sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala.

"Seu Lourival, ka tuna silimar unguwa? Mutum ɗaya ke sayar da tikiti, shi ke yagewa, shi ke nuna maka kujera, shi ke juya fim. In tari ya kama shi fa?"

"Sai a jira."

"To haka na gina abin nan. Dunƙule ɗaya ne. A taɓa wurin da ke rubuta sunan fim, sai wurin karɓar baƙi ya kife. Lokacin da mutanen jiharmu ta Pernambuco kaɗai ke kallo, ana lallaɓawa. Yanzu daga nan har Porto Alegre can kudu kowa yana so, kuma a lokaci ɗaya."

Shekaru ya yi yana farfasa dunƙulen nan. Ya ce in ɗauka kasuwar São José ce, kowa da rumfarsa. Rumfa ɗaya aikinta ta gane ko kai wane ne. Wata tana tuna inda ka tsaya jiya. Wata tana auna ƙarfin sabis ɗinka ta ba ka hoto daidai da shi, wata tana jera hotunan finafinai a shafin farko, wata tana sa rubutu a ƙasan hoto. Suna aika wa juna saƙo, amma in ɗaya ta faɗi sauran ba sa bin ta ƙasa. Rumfar da jama'a suka yi wa yawa kuma, da kanta take ɗauko hayar ƙarin na'urori a wasu manyan ɗakuna can nesa, kamar yadda ake ƙaro motoci lokacin babban bukin titi na Kanibal, in an watse ta mayar. Suna da nasu sunan na Turanci. Ni rumfuna nake ce musu, har wasu cikinsu suka ɗauka.

Dokar gidan ita ce, wanda ya gina rumfa shi ke riƙe wayarta. In rumfar ta faɗi wayar ce ke kuka, ko kana coci ko kana wanka. Kowace ƙungiya tana zagaya wayar a tsakaninta mako-mako. Sai dai Gilmário, duk rumfar da ya miƙa wa wani, sai ya bar sunansa a bayan na mai ita, wai ko za a buƙata. Da haka rumfuna suka yi yawa, masu su suka yi yawa, tasa wayar dai ba ta daina kuka ba. Manyan kamfanin da ke São Paulo suka saba da abu ɗaya: in akwai babban kallo, Gilmário ba ya barin Recife. Babban kallonsu kuwa, in aka cire ƙwallo, shi ne bukin São João, lokacin da suke nuna raye-rayen garuruwan cikin ƙasa kai tsaye. Wato daidai ranar da kowane ɗan cikin ƙasa yake ƙofar gidan ubansa ana kunna babbar wutar itace.

A gidan Seu Deoclécio uba ke jera itace, ɗa ke sa ashana. Haka shi ma ya yi wa nasa uban. Tun da Gilmário ya shiga kamfanin, maƙwabci ke sa ashanar. Tsohon bai taɓa ƙorafi ba sai wannan shekarar. Idonsa ya daɗe yana rufewa daga gefe, likita kuma ya ce abin da ya rage ba zai kai wata shekarar ba. Ya kira ɗansa da rana tsaka, Gilmário yana tsaye a gaban tebur ɗina. Muryar tsohon irin ta wanda ya saba magana cikin ƙarar guduma ce, don haka na ji komai.

"Ba cewa na yi ka bar aikinka ba, Gil. Wutar bana dai ina jin ita ce ta ƙarshe da zan gani da ido. Ta baɗi sai dai in ji ɗuminta."

"Zan zo, Painho." Haka yake kiran babansa.

"Haka ka ce bara."

"Bana zan zo."

"To. Ni dai na riga na sayi itace."

Shugabarsu ta nan, Dona Nadja, gajeriyar mace ce mai furfura a gaba, ba ta ɗaga murya. Ita ta samo hanya. Suna da wata al'ada a gidan. Lokaci-lokaci, da rana tsaka kowa yana wurin, sai su kashe rumfa ɗaya da gangan su ga ko sauran za su tsaya. Daga baya suka fara yi da mutane. A zaɓi mutum, a karɓe wayarsa da kwamfutarsa, a ce ya rasu daga safe zuwa ƙarfe biyar. Har fure suke ajiye masa a tebur. Ba a tambayarsa komai, in ya yi magana ba a amsawa. Kowa an taɓa kashe shi, har ita Dona Nadja, ban da Gilmário, shi kullum akwai dalili. Ta yi magana da São Paulo suka amince. In gidan ya wuni a tsaye ba hannunsa ba bakinsa, za su sake shi ya tafi São João. In an buƙace shi, ya zauna.

Shi ya sa ruwan ya tsaya masa a rai. Ranar ruwa ba mai fita. Yara ba makaranta, iyaye ba aiki, kowa yana kan gado da waya a hannu. Talatar banza ta zama kamar ranar da ake nuna ƙarshen wasan kwaikwayo.

A gaban tebur ɗina aka yi jana'izar. Dona Nadja ta sauko tare da Ubirajara, wanda ake ce wa Bira, ƙaton ɗan Olinda mai yawo da silifa. Shi zai riƙe gidan ranar.

"Dona Nadja, a ɗaga zuwa jibi mana," in ji Gilmário. "Kin ga ruwan nan."

"Ka taɓa jin wanda ya ce wa mutuwa ta dawo jibi? Kawo wayar."

Ya ba ta. Ta kashe ta a gabansa ta jefa cikin jaka. Bira ya cire hula ya dafe ƙirji.

"Allah ya ji ƙansa. Mutum ne mai natsuwa, bai taɓa gaggawa ba. Dona Nadja, kujerar nan tasa mai laushi, wa ya bar wa?"

"Bira, in ka kuskura ka ɗora wannan ƙaton jikin a kujerata..."

"Kun ji wata iska mai sanyi? Seu Lourival, ginin nan naka akwai fatalwa, ka kira fadan coci ya yayyafa ruwa."

Dona Nadja ta juyo wurina. "Seu Lourival, ga gawa na ba ka ajiya. Ƙofa ba a kulle take ba, ban kuma ce ka riƙe shi ba. Roƙona ɗaya, kar ka kawo mana saƙonsa, ko a baki ko a takarda. In ya hau da ƙafarsa, ya hau."

Ɗakina ɗan ƙarami ne, tebur, kujera biyu, butar kofi. Kafin hantsi Gilmário ya auna shi da ƙafa ta kowace fuska. Ya kwance fankata ya share ya mayar. Ya sake jera makullai a jikin ƙusoshi yadda ya ga ya fi, har na daina gane su. Ya karanta rubutun da ke jikin tukunyar kashe gobara. Lemar duk wanda ya shigo, shi ke karɓa ya jingina. Hannunsa kuma bai daina zuwa aljihu ba. Ya ce yana jin wayar tana rawa a cinyarsa, alhali tana can sama a kashe.

Na aika aka sayo mana tapioca, wainar garin rogo mai kwakwa. Na tambaye shi yadda ubansa ke jera itace, don dai in samu ya tsaya wuri ɗaya. Ya ce tsohon yana jera itace kamar yana ɗinki, sai ya juya kowane guntu a hannu, ya shinshina, ya nemo masa gefen da zai kwanta. Wuni guda yake yi, ba wanda ya isa ya taimaka. Ya nuna mini girarsa ta hagu, wadda ba ta cika ba. Yana ƙarami ya ƙosa, ya zuba kananzir a ɓoye don wutar ta kama da wuri. Ubansa bai doke shi ba. Ya sa shi dai ya zauna ya kalli yadda wutar ta cinye itacen kafin masara ta gasu.

"Na zauna kuwa?" ya ce. "Ina! Tsallake katanga na yi."

Akwai wayar da 'yata ta saya mini, kamfanin kuma sun buɗe mini kallo kyauta. Ina bin wani tsohon wasa na masu gonar rake. Dona Nadja ba ta hana marigayi kallo ba, don haka na jingina wayar da kwalbar sukari na kunna. Ya kalla, amma ba wasan yake kallo ba. Duk sanda aka sauya wuri sai in ga ya riƙe numfashi har hoto ya zauna.

Bayan azahar, ruwa ya ƙara ƙarfi. A cikin wasan matar mai gona ta buɗe baki za ta faɗa wa mijinta wata magana, sai ta tsaya haka, baki a buɗe. 'Yar da'irar nan ta fito a kan fuskarta tana juyawa.

"Sabis ɗina ne," na ce. "Ruwa ne."

Ya ɗauki wayar. Ya fita daga wasan ya shiga wani. Shafin farko ya buɗe sarai, hotuna duk suna nan, sunana yana sama. Fim ne kawai ba ya tashi. Ya gwada na yara, haka. Ya gwada labarai, haka.

"Ba sabis ɗinka ba ne. Rumfar da ke ba da izinin kallo ce. Kowa sai ya bi ta gabanta kafin hoto ya motsa. Layi ya yi mata yawa."

"Ba ka ce da kanta take ƙaro na'urori ba?"

Ya ajiye wayar. Har ƙafar ta tsaya.

"Na sa mata iyaka," ya ce.

Ashe shekarun baya wata rumfa ta taɓa haukacewa, ta yi ta ɗauko na'urori ba dalili, aka sha faɗa da São Paulo. Tun daga nan ya yi wa rumfar izinin shinge. In ta kai wani adadi ba ta ƙarawa sai ta tambaye shi, ya danna mata da yatsa a wayarsa. Da wuya ake kaiwa, in an kai kuma yana tafiya yake dannawa. Yanzu rumfar tana can tana tambaya, tambayar kuma tana faɗawa cikin jakar Dona Nadja, a wayar da aka kashe.

"Bira bai sani ba?"

"Ba wanda ya sani. Na manta." Ya shafa fuska. "A'a, ban manta ba. Cewa na yi sai na gyara shi da kyau tukuna in faɗa." Ya matso. "Seu Lourival, magana ce guda. Ka hau da kofi, ka raɗa wa Bira, akwai iyaka. Shi ke nan."

"Ɗana, a gabanka matar nan ta roƙe ni."

"Mutane suna can suna zaginmu!"

"Suna zagi. Za su dafa wani abu su dawo."

"Ba ka gane ba. Duk wanda hoto ya tsaya masa dannawa yake, ya sake dannawa. Kowace dannawa sabon mutum ne a layi. In aka daɗe layin zai danne rumfunan da ke kusa, su ma su bi."

"In ka hau, ba Arcoverde."

"Na sani!"

Ya je gindin matakala ya ɗora ƙafa, ya sauke. Ya fita waje cikin ruwan ya ɗaga kai yana kallon tagogin hawa na uku, kamar za su gaya masa wani abu. Ya dawo jiƙe. Na ce masa Bira mai wasa ne amma ba wawa ba ne, ya ba su lokaci. Ya ce lokaci nawa? Na zuba masa kofi, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya zauna, ya tashi. Ya ce da ubansa bai kira ba da tuni an gama. Nan take ya ce Allah ya yafe masa wannan magana.

Na koma wasana, sai hoton ya motsa. Matar mai gona ta rufe bakinta, amma fuskarta ta zama dishi-dishi, kamar ana kallonta ta gilashin da ruwa ya jiƙa. Na ce to ga shi nan. Ya fizge wayar ya koma shafin farko. Hotunan finafinan duk sun ɓace, sai sunaye kawai.

"Sun rage kyan hoto. Sun kashe rumfar shafin farko. Kaya suke zubarwa don jirgi ya yi sauƙi. Ba nan ciwon yake ba, Bira, ba nan ba ne!"

Ya ajiye wayar ya tafi. Ban kira shi ba. Na ɗauki butar kofi na shiga lif, na isa a bayansa kaɗan.

Ɗakin nasu babba ne, da ƙaton allo a bango, layuka ja sun cika shi. Mutane sun taru a kan tebur ɗin Bira. A kan na Gilmário akwai jan fure a cikin kofin roba. Shi kuma yana tsaye a tsakiyar ɗaki, ruwa yana ɗiga daga rigarsa.

"Akwai iyaka a rumfar izini! Ni na sa! Ku cire ta, tana ƙarƙashin..."

"Mun gani, marigayi," in ji Bira, bai juyo ba. Ba wasa a muryarsa. "Tun ɗazu. Mun bi sawun tambayar muka ga inda take zuwa. Mun cire. Na'urori suna tashi. Hoton mun rage shi ne don layi ya numfasa kafin su gama tashi."

Ya nuna allo. Muna tsaye jajayen layukan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Sai Bira ya juyo da kujerar, wadda ta Gilmário ce, ya dube shi.

"Kai, Gil. Kai, ɗan taurin kai. Da kofi ɗaya ka ƙara sha."

Dona Nadja ta cire tabarau ta ajiye. "Ka hau."

"Sun riga sun gyara, Dona Nadja. Da kunnenki kika ji."

"Na ji, ni na yarda. Amma abin da aka ce ba hannu ba baki. Jan layi bai gama sauka ba ka buɗe baki a gaban kowa. In São Paulo suka tambaye ni ko ka yi magana, me zan ce? Ba zan yi maka ƙarya ba, Gilmário. Wannan iyakar taka kuma, za mu zauna a kanta."

Ta yi ƙoƙari, wannan ni shaida ne. Kwanakin da suka biyo na sha jin ta a kan matakala tana waya, muryar da ba ta ɗagawa tana ɗagawa. Amsar da ta samu ita ce, to kin gani, ranar Talatar banza ma sai da ya hau, balle São João. Sai dai ya zauna.

Na ɗauka zai yi fushi ya janye. Bai janye ba. Makonnin nan ya bi rumfuna ɗaya-ɗaya yana cire sunansa. Ya zauna kusa da mai kowace rumfa ya gaya masa duk abin da ya sani. Ya tono wasu shingayen da ya yi ya manta, da hannunsa ya kai wa Dona Nadja. Bira ya ce gidan kamar na tsohuwa ne, duk katifar da ka ɗaga sai ka ga ƙulli. Wayarsa ta rage kuka, sannan ta daina. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Sai ya sauko ya miƙo mini ita.

"Seu Lourival, kira ni mu gani. Ina jin ta lalace."

In kira, ta yi ƙara, ya dube ta kamar ta ci amanarsa.

Gari ya cika da 'yan tutoci masu launi, masu pamonha, alalar masara, suka fito a kowace kwana, warin gasasshiyar masara yana shigowa har ɗakina. Ma'aikatan sauran benaye suka fara wucewa da jakunkuna, kowa yana ambaton garinsu. Gilmário ya daina kallon ƙofa in suna fita.

Safiyar jajiberin São João ya shigo da ƙaramar jaka a kafaɗa. Bai nufi matakala ba. Ya ajiye wayar da katin shiga a kan tebur ɗina.

"In Dona Nadja ta zo ka ba ta."

"Ka san abin da wannan zai jawo?"

"Na sani. Gidan ba ya buƙatata, da idona na gani. São Paulo ne ba su gani ba, kuma ba zan iya kai musu idona ba." Ya kai ƙofa ya dawo. "Wayarka tana da caji?"

"Tana da shi."

"Kar ka kashe."

Da Dona Nadja ta zo na miƙa mata. Ta dubi wayar, ta dubi katin, ta sa su a jaka.

"Ya samu motar safe?"

"Ya samu."

"To," ta ce, ta shiga lif.

Kiran farko ya zo kafin motar ta kai Gravatá, da lambar da ban sani ba. Wayar wata mata ce da ke zaune kusa da shi. "Kallon yana tafiya?" Na kunna na duba, na ce yana tafiya. Ya sake kira daga Caruaru da wayar mai sayar da lemo. A Belo Jardim ya ari ta yaron mota, ina jin mai ita yana cewa, malam, ai ka ce minti ɗaya. Kowane kira tambayar ɗaya ce, amsar ɗaya. Na ƙarshe ya zo rana tana faɗuwa, da lambar gidansu. An fara nuna raye-raye, na ce masa hoto tas, har ina ganin zufar mai kiɗa. Ya fara tambayata ko rubutun ƙasa yana fitowa, sai na ji an karɓe wayar.

"Wane ne wannan da ɗana ke damu tun da ya sauka?"

Na faɗi sunana, na gaishe shi.

"Seu Lourival, ka yi haƙuri da shi, haka aka haife shi. Zan kashe abin nan yanzu. Itace yana jira, haske kuma yana tafiya."

Ya kashe.

Bira ya gaya mini daga baya cewa rumfa ɗaya ta faɗi ana tsakiyar buki, mai ita ta tashe ta, yawancin masu kallo ba su ma sani ba. Duk da haka São Paulo suka ce wanda ya bar bakin aiki ranar babban kallo ba izini, ya bar shi ke nan. Dona Nadja ta je har can, ba ta dawo da komai ba. Gilmário ya zo bayan mako biyu ya kwashe kayansa. Na tambaye shi ko tsohon ya ga wutar. Ya ce ya gani. Tsohon ya ce masa kamar ana leƙe ta ramin makulli, ja ne kawai a tsakiya yana motsi, amma ya gane inda kowane itace yake, har ya yi faɗa wai an gusar masa da guda ɗaya.

Yanzu Gilmário yana Arcoverde. Yana aiki daga ɗakin da ke bayan shagon ubansa, da wani ƙaramin kamfani mai tura wa ɗalibai darussa ta bidiyo. Seu Deoclécio ya daina gani tun kafin Kirsimeti, ɗan nasa ne ke riƙe da gidan.